Yadda Ake Gane Adadin Abincin da Ya Ishi Kifi a Tankin Murjani Mai Ruwan Gishiri

Duk ƙwayar abincin da ka jefa cikin tankin murjani, wato tankin gilashin da ake kiwon kifin teku da murjani mai rai, tana nan a ciki har sai ka fitar da ita. Ko kifi ya haɗiye ta, ko ta faɗa bayan dutse ta ruɓe, ƙarshenta ɗaya ne. Za ta zama amoniya, bakteriyar da ke jikin duwatsu da yashi ta juya ta zuwa naitirayit, daga nan zuwa naitiret, ga kuma fosfet da ke biyo baya. A teku igiyar ruwa ce ke kwashe wannan datti ta watsa shi. A gilashi mai cin lita 200 kuwa ba shi da wurin zuwa. Shi ya sa babu wani adadi guda da za a ce ya dace da kowane tanki. Abin da ke akwai shi ne ma'auni biyu da ake dubawa tare: jikin kifin, da sakamakon gwajin ruwa. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, ko dai ya ramar da kifayensa, ko ya cika tankinsa da gansakuka.

Fara da sanin wanda kake ciyarwa

Kafin maganar cokali ko giram, rubuta sunayen kifayen da ke tankin, domin ba cinsu ɗaya ba.

Kifin kilawun, irin Amphiprion ocellaris, ba ya zaɓen abinci, kuma sau ɗaya ko biyu a rana ya ishi babba. Haka yawancin gobi da sauran ƙananan kifaye masu cin abin da suka samu. Tang kuwa makiyayi ne. A teku yini yake yana tsintar gansakuka a jikin dutse, hanjinsa dogo ne wanda aka yi domin ganye, saboda haka cin nama sau ɗaya a rana ba ya riƙe shi. Dole ya sami busasshen ganyen teku, wato nori, a mafi yawan kwanakin mako. Antiyas shi ne ya fi kowa wahala ta fuskar lokaci: cikinsa ƙarami, iyonsa ba hutu, a teku kuma yana cafkar ƙananan halittun da ruwa ke kawowa tun safe har yamma. A tanki yana buƙatar ci sau 3 ko 4 a rana, kaɗan-kaɗan. Idan ba ka da halin yin haka, ko da hannu ko da na'ura, gara kada ka sayo shi.

Mandarin, wato Synchiropus splendidus, yakan mutu da yunwa a tankin da ake zuba abinci kullum, domin abin da yake ci ƙananan halittu ne masu rai da ake kira kofifod, waɗanda ke rayuwa cikin ramukan dutse. Tankin da bai kai wata 6 zuwa shekara da kafuwa ba, ko wanda duwatsunsa ba su da yawa, ba zai haifar da abin da zai ishe shi ba. Kifin zaki da sauran manyan mafarauta su kuma akasin antiyas ne: babban ci sau 2 ko 3 a mako ya wadatar, da naman halittun teku. Kada a riƙa ba su kifin ruwan daɗi mai rai irin na ado mai ruwan zinariya, domin yana ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, kitsensa kuma ba irin wanda kifin teku ke buƙata ba ne.

Nauyin abinci ba girmansa ba ne

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Daskararren abinci, irin jatan landen maisis da ake sayarwa a ƴan dunƙule cikin faranti na roba, mafi yawansa ruwa ne, sama da kashi 80 cikin ɗari. Dunƙule ɗaya yakan kai giram 3 ko kusa da haka. Busasshen abinci mai ƙwaya-ƙwaya kuwa danshinsa bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Ke nan giram ɗaya na busasshe ya ninka giram ɗaya na daskararre sau da yawa wajen gina jiki, haka kuma wajen ɓata ruwa.

Ga lissafin da zai nuna maka girman abin. Ɗauki gwangwanin busasshen abinci ka karanta bayansa. A ce an rubuta furotin kashi 45 cikin ɗari, fosforos kashi 1. Kusan kashi 16 cikin ɗari na furotin naitirojin ne, saboda haka giram ɗaya na wannan abinci yana ɗauke da naitirojin miligiram 72, wanda idan duka ya zama naitiret zai haura miligiram 300. A ruwa lita 200, wannan ya ƙara kusan miligiram 1.6 a kowace lita. Fosforos miligiram 10 kuma yana zama fosfet kusan miligiram 30, wato 0.15 a kowace lita, alhali yawancin masu kiwon murjani suna son fosfet ya tsaya tsakanin 0.03 da 0.1. Gaskiya ne kifi yana riƙe wani kaso a jikinsa, murjani da matatai suna kwashe wani, amma dubi yadda giram ɗaya tak, wanda bai cika rabin ƙaramin cokali ba, ya isa ya motsa ruwan tanki guda.

Jatan landen Artemia kifaye suna son sa ƙwarai, amma babbansa ba shi da wani abin kirki a ciki sai an wadata shi da bitamin da mai. Yana da amfani wajen jawo sabon kifi ya fara ci, amma kada ya zama abincin kullum. Maisis ya fi shi nesa ba kusa ba. Abinci mai falle-falle kuma yana saurin narkewa da bin ruwa zuwa matata, don haka mai ƙwaya ya fi shi sauƙin aunawa. Zaɓi girman ƙwayar da bakin kifi zai ɗauka: milimita 0.5 zuwa 1 ga ƙanana, milimita 2 ko sama ga manya. Idan ka ga kifi ya kama ƙwaya ya tofar, ya sake kamawa ya tofar, ta yi masa girma ko tauri. Jiƙa ta minti ɗaya cikin ruwan tanki kafin ka zuba.

Yadda za ka samo adadin farko

A ɗauki misalin tanki mai lita 200 da ƙananan kifaye 5 ko 6, ba mai wuce santimita 8. Wurin farawa mai kyau shi ne rabin dunƙulen maisis a rana, da ƙwayoyi 4 zuwa 6 na busasshe ga kowane kifi a ɗaya lokacin cin. Wannan mafari ne kawai, makonni masu zuwa ne za su gyara shi.

Da farko yanki rabin dunƙulen tun yana daskare, ka mayar da sauran cikin firiza nan take. Sa shi a ƙaramin kofi da ruwan tanki kamar cokali 2, ka bar shi minti 5 zuwa 10 ya narke. Kada ka yi amfani da ruwan zafi ko ruwan famfo. Wasu suna tace shi da ƴar rariya su zubar da ruwan narkewar saboda fosfet. Ba laifi, musamman idan gwaji ya nuna fosfet ya yi sama, amma mafi yawan fosfet yana cikin naman ne, ba cikin ruwan ba. Tacewa ba ta maye gurbin rage yawa.

Sai ka kashe famfon da ke mayar da ruwa daga ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban tanki, tare da sikima, wato na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa. Idan ba ka yi haka ba, rabin abincin zai bi mazubar ruwa ya maƙale a jakar tacewa ya ruɓe a can, kai kuma kana zaton kifi ne ya ci. Bar famfo ɗaya na cikin tanki yana juyawa a hankali domin abincin ya yi yawo, don yawancin kifayen murjani sun fi kai wa abu mai motsi cafka. Famfuna da yawa suna da maɓallin ciyarwa da ke tsayar da su minti 10 su tashi da kansu. Idan naka ba shi da shi, sa ƙararrawa a waya. Mantawa da famfo a kashe har tsawon dare yana rage iskar da ke cikin ruwa, kuma hakan yana kashe kifi.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci: kada ka juye kofin gaba ɗaya. Ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu da sirinji ko bututun roba, ka fesa, ka tsaya kana kallo. Ya kamata ya ƙare cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 ba tare da ya taɓa yashi ba. Ƙara wani, ka sake kallo. A zagaye na farko da na biyu za ka ga kifaye suna rige-rige, kowa na kai baki. Can sai ka ga kilawun ya bi wani yanki, ya dube shi, ya ƙyale shi ya wuce. Ko ya ɗauka ya tauna ya saki. Daga nan ka tsaya, ko da saura a kofi. Abin da suka cinye kafin wannan lokaci shi ne adadinka, kuma duka aikin bai kamata ya wuce minti 2 ba. Rubuta shi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon da ya saba ne ke sani. A watan farko ka dogara da awo: cokali guda ɗaya da ba ka canzawa, ko ƙirga ƙwaya, ko ƙaramin sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram.

Kula da wanda bai samu ba. A kowane tanki akwai mai ƙarfi da ke tare gaba, da mai tsoro da ke laɓe a bakin rami. Ƙara abinci domin ya kai ga mai tsoron kuskure ne, mai ƙarfin ne zai ƙara ƙiba, ruwa kuma ya ɓaci. Abin yi shi ne ka fesa kaɗan a wannan kusurwa ka tara masu zari, sannan ka kai bakin bututu kusa da maɓoyar ɗayan ka ba shi rabonsa.

Ga tang da sauran masu cin ganye, yanki nori kamar santimita 5 a tsaye da kwance ga kifi ɗaya matsakaici, ka ninke shi, ka maƙala da abin maƙalawa a jikin gilashi. Ya zama wanda ba a sa masa gishiri, mai ko kayan ɗanɗano ba. Abin da ya rage bayan awa 3 ko 4 ka cire, don yana yagewa ya toshe famfo.

Abin da jikin kifi ke faɗa

Roƙo ba yunwa ba ne. Kifi yana koyon cewa inuwar mutum na zuwa da abinci, saboda haka zai taso gaban gilashi ko yanzu ya gama ci. Kada wannan ya sa ka ƙara. Jikinsa za ka duba, kuma ka dube shi daga gaba, fuska da fuska, ba daga gefe kaɗai ba.

Kifi mai ƙoshi cikinsa yakan ɗan tasa bayan ci, ya koma daidai kafin ci na gaba. Naman bayansa, daga saman ido zuwa gindin fiffiken baya, a cike yake. Idan wannan wuri ya lotsa har kai ya zama kamar ya fi jiki girma, to yunwar ta daɗe, jiki ya fara cin kansa. A jikin tang za ka ga ciki ya shige kamar an matse shi da yatsu biyu, wani lokaci har layin ƙashin baya ya fito. Launi yana dushewa, faɗa yana ƙaruwa, kifin da bai taɓa kula murjani ba ya fara tsattsage shi. Ramewa irin wannan tana buɗe ƙofa ga cuta, musamman farin ɗigo na Cryptocaryon irritans. Akwai kuma zaizayewar fatar kai da layin gefe da ke yawan kama tang, wadda ake dangantawa da ƙarancin abinci mai kyau da kuma ƙurar gawayin tacewa.

Idan kifi yana ci sosai amma yana ramewa, ga kashinsa fari mai tsawo kamar zare, ƙarin abinci ba zai yi magani ba. Ana zargin tsutsar ciki, sai a ware shi a wani tanki a yi masa magani a can, ba cikin tankin murjani ba. Ƙiba ma cuta ce: kifin da cikinsa ke kumbure dare da rana yana tara kitse a hanta, kuma busasshen abinci mai yawa ne ya fi jawo haka.

Abin da ruwa ke faɗa

Gwada naitiret da fosfet sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, kafin ciyarwa kuma kafin canjin ruwa. A tankin da ya kafu, amoniya da naitirayit sifili ne. Naitiret tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, su ne iyakar da yawancin tankunan murjani ke zama lafiya. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, inda lambobin suka dosa cikin mako 3 ko 4 shi ne labari. Naitiret 8 da ya tsaya cak ya fi 4 da ya zama 6, ya zama 9.

Yawan abinci yana nuna kansa tun kafin gwaji. Gilashin da kake gogewa bayan kwana 3 ya koma yana yin kore kullum. Gansakuka mai kama da gashi ta fito a dutse. Jar shimfiɗa mai yauƙi ta sayanobakteriya ta rufe yashi a inda ruwa ba ya gudu. Kofin sikima yana cika da wuri da baƙin ruwa mai wari. Haska tocila da dare, idan ka ga tsutsotsi masu ƙaya sun yi yawa fiye da da, abinci ne ke kai musu. Haka Aiptasia, wata ƴar halitta mai harbi da ke addabar murjani, ke yaɗuwa. Murjani masu ƙashi suna komawa ruwan ƙasa, girmansu ya ragu, domin fosfet mai yawa yana hana su gina ƙashi yadda ya kamata.

Akwai tarko guda biyu a nan. Na farko, gansakuka tana shanye naitiret da fosfet da zarar sun fito, sai gwaji ya nuna sifili alhali tankin ya cika da kore. Wannan sifilin ba tsabta ba ce. Na biyu, dutse da yashi suna riƙe fosfet su riƙa sakinsa a hankali, saboda haka ko ka rage abinci yau, lambar na iya ɗaukar makonni ba ta sauka ba. Kada ka ga haka ka ci gaba da ragewa har kifi ya rame.

Ƙarancin abinci shi ma yana ɓata tanki, kuma an fi yin sakaci da shi. Idan naitiret da fosfet suka zama sifili na gaske, ba gansakuka a ko'ina, murjani yakan yi fari-fari, namansa ya yi siriri, domin ƙananan halittun da ke zaune cikin jikinsa suna sarrafa haske su ma suna buƙatar naitirojin da fosforos, kuma kashin kifi ne babbar hanyar samunsu. A irin wannan ruwa ne dainofilajelet ke samun fili, wata shimfiɗa ruwan ƙasa mai zare-zare da ƙwayoyin iska a jiki, wadda wasu nau'o'inta ke da guba har suna kashe dodon koɗi. Fitar da ita ya fi fitar da gansakuka wuya ƙwarai.

Yadda ake gyarawa

Haɗa ma'aunan biyu. Kifi a cike, lambobi na hawa: rage kashi ɗaya cikin huɗu na abincin, ka fara da busasshe. Kifi a rame, lambobi a ƙasa: ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, kuma gara ka ƙara lokacin ci guda da ka ƙara yawan na lokaci ɗaya. Kifi a cike, lambobi sifili: ƙara kaɗan, ko ka rage ƙarfin tacewa, misali ka cire maganin kama fosfet ko ka rage awannin hasken ɗakin ciyawar Chaetomorpha, wadda ake renonta a gefe domin ta shanye naitiret da fosfet.

Hali na huɗu shi ne mai wuya: kifi a rame, lambobi kuma na hawa. A nan ba abincin kifi za ka taɓa ba. Ko dai abincin yana tafiya matata kafin a ci, ko kifayen sun fi ƙarfin tankin, ko tacewa ta gaza. Wanke jakar tacewa kowane kwana 2 ko 3, domin dattin da ke cikinta yana cikin ruwanka har yanzu. Goge wuyan sikima, don maiƙo yana hana kumfa hawa. Canja kashi 10 cikin ɗari na ruwa duk mako da ruwan da aka tace da na'urar RO/DI mai cire sinadaran ruwan famfo, aka kuma haɗa shi da gishirin teku, kana zuƙe dattin da ya kwanta da mesa. Idan duk wannan bai isa ba, rage yawan kifaye. Hana dabba abinci domin gilashi ya yi kyau ba kiwo ba ne.

Kowane canji ka ba shi mako 2 kafin ka sake wani, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Bakteriyar tanki tana ƙaruwa ne gwargwadon abin da take samu, idan ka ninka abinci dare ɗaya sai amoniya ta riga ta.

Murjani da masu shara

Abincin murjani yana cikin lissafi. Yawancinsu haske da kashin kifi sun ishe su. Masu manyan baki irin Trachyphyllia suna amfana da ƙwayar maisis ɗaya ko biyu a baki, sau 1 ko 2 a mako, bayan an kashe fitila sun miƙo hannuwansu. Murjanin Tubastraea ba ya amfani da haske ko kaɗan, kowane baki sai an ba shi, sau da yawa a mako. Garin abincin murjani yana tada fosfet da sauri, fara da rabin abin da aka rubuta a jikin roba. Ranar da ka ciyar da murjani, rage na kifi, don za su saci rabonsu.

Dodon koɗi na Nassarius da ƙaguwa mai zama cikin ƙoƙo suna tsince abin da ya faɗi, amma ba fitar da shi suke yi ba, kashi suke mayar da shi. Kada su zama dalilin zuba fiye da ƙima.

Sabon kifi, tafiya, da ajiya

Sabon kifi yakan yi kwana 1 zuwa 3 bai ci ba. Gwada masa kaɗan sau biyu a rana, ka kwashe abin da ya bari. Tun a wurin saye ka nemi a ciyar da shi a gabanka, ka kuma tambayi irin abincin da ya saba da shi. Idan ya kai mako bai ci ba, duba numfashinsa da fatarsa, ka lura ko wani ne ke korarsa.

Babban kifi mai lafiya yana jure kwana 2 ko 3 ba abinci, ban da antiyas da ƙanana masu tasowa. Kada ka cika su da abinci ranar tafiya, ba sa ajiyewa, ruwa kawai zai ɓaci ba ka nan. Idan tafiyar ta fi haka, kafa na'urar ciyarwa mako guda kafin ka tashi, ka gwada ta a kan faranti ka ƙirga abin da take zubarwa, ka kuma ɗaga ta daga inda ruwa ke fantsama, don danshin gishiri yana dunƙule ƙwayoyin ya toshe bakinta. Idan mutum ne zai kula maka, raba abincin kowace rana a ƴar robar magani mai ɗakuna bakwai, ka ɓoye gwangwanin.

Abincin da ya narke ba a mayar da shi firiza. Idan farantin ya taɓa narkewa ya sake daskarewa, za ka ga dunƙulen sun canja siffa ko sun yi duhu, zubar da shi. Busasshe kuma ka saya ƙaramin gwangwani da zai ƙare cikin wata 6 bayan buɗewa, ka rufe shi sosai, ka ajiye nesa da zafin fitilar tanki, domin iska da zafi suna cinye bitamin C da man da ke ciki. Kada ka sa jiƙaƙƙen yatsa a ciki.